Yadda annobar korona ta shafi iyali da renon yara a yankin Damri

Cutar korona ba ta cika kwantar da ƙananan yara ba, amma masana harkar lafiya na cewa yaran suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarta, domin ta iso gare su ne ta aljihun uba, da tukunyar uwa, da kuma ƙofofin asibiti da na makaranta da aka rufe.

A yankin Damri na jihar Zamfara da sauran sassan ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun, al'amarin ya fi haka tsanani, saboda annobar ba ta gama lafawa ba matsalar 'yan bindiga ta sake rufe makarantu da kasuwanni.

Yaran da aka haifa a shekarar 2020 su ne ke cika shekaru 6 a 2026, wato shekarun shiga aji ɗaya na firamare. Ga bayani kan hanyoyin da annobar ta bi ta taɓa rayuwarsu, da kuma abin da har yanzu za a iya gyarawa.

Yaya annobar ta iso yankin?

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya a ranar 27 ga watan Fabrairun 2020 a birnin Legas, kuma a ranar 11 ga watan Maris Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya.

Kafin ƙarshen watan na Maris an rufe makarantu a jihohin arewa maso yamma. A watan Afrilu, daidai lokacin da aka shiga azumin Ramadan, aka sami mutanen farko da suka kamu da cutar a Zamfara, sa'annan gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, haramcin da ba a ɗage ba sai farkon watan Yuli.

A duk tsawon annobar, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasar, NCDC, ta ƙididdige mutane sama da 266,000 da suka kamu, da kuma sama da 3,100 da suka rasu. Zamfara na cikin jihohin da aka fi samun ƙarancin adadin, ko da yake gwajin da aka yi a jihar ma bai taka kara ya karya ba.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikin mutanen karkara suka ɗauki korona a matsayin cutar manyan birane da masu hawa jirgin sama. Jama'ar yankin sun san annobar da ake gani da ido, kamar sanƙarau na 1996 wanda ya hallaka mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, da kuma wanda ya faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ya kashe sama da 1,000 a faɗin ƙasar.

Ita korona ba ta zo musu da gawarwaki a kowace unguwa ba. Abin da kowane gida ya gani shi ne matakan da aka ɗauka domin hana ta yaɗuwa.

Me ya sami abincin gida?

Rayuwar yankin ta ta'allaƙa ne a kan noma da kasuwa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ita ce ke shayar da gonakin rani a waɗannan ƙananan hukumomi uku, inda ake noman shinkafa da masara da dankali da kayan miya.

Kayan gwari kamar tumatir da tattasai ba sa jira. Duk da cewa a hukumance an keɓe motocin abinci daga dokar hana zirga-zirga, yawan shingaye a kan hanya da ƙarancin masu saye daga nesa sun sa manomi na sayar da amfaninsa da araha, alhali kuwa abin da yake saye a kanti ƙara tsada yake yi.

Haka kuma magidanta da samarin da suka tafi ci-rani Abuja ko Legas ko Fatakwal, wasu sun maƙale a can babu aiki, wasu kuma sun komo gida hannu rabbana. Kuɗin da suka saba aikowa shi ne ke cike giɓin da ake samu tsakanin ƙarewar hatsin rumbu da shigowar kaka.

Wani bincike da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar ta wayar tarho tare da Bankin Duniya a watannin Afrilu da Mayun 2020 ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na gidajen da aka tuntuɓa kuɗin shigarsu ya ragu. Zuwa watan Maris na 2021 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta kai kusan kashi 23 cikin 100.

Idan kuɗin cefane ya ragu, ba tuwo ne ke fara ɓacewa daga gida ba. Abin da ake fara yankewa shi ne nama da kifi da ƙwai da madara da mai, wato abubuwan da yaron da aka fara bai wa abinci ya fi buƙata. Sai a ga yaro na shan koko tsararo safe da yamma, cikinsa ya cika amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba.

Su ma matan aure da ke sana'ar cikin gida, irin su ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai da awara, cinikinsu ya dogara ne ga ranar kasuwa da taron biki da ƙofar makaranta. Ribar wannan sana'a, komai ƙanƙantarta, galibi a bakin yara take ƙarewa.

Me ya sa shekarun farko ke da muhimmanci?

Likitocin yara na ba da muhimmanci na musamman ga kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa lokacin da yaro ya cika shekaru 2. A wannan tsakani ne ƙwaƙwalwa ke girma cikin sauri fiye da kowane lokaci a rayuwar ɗan Adam.

A 2018 hukumar WHO da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, da Bankin Duniya suka fitar da wani tsari da ya lissafa abubuwa 5 da yaro ke buƙata domin ya girma yadda ya kamata. Su ne ƙoshin lafiya, da abinci mai gina jiki, da tsaro, da damar koyo tun yana ƙarami, da kuma mai reno da ke lura da shi yana amsa masa.

Na ƙarshen nan shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Idan jariri ya yi gwaranci uwa ta mayar masa, ko ya miƙa hannu aka ɗauke shi, ko ya nuna akuya aka faɗa masa sunanta, to a nan ne ake aza harsashin magana da tunani. Uwar da hankalinta ya tafi ga abin da za a ci gobe ba ta cika samun sukunin wannan wasa ba.

WHO ta ce a shekarar farko ta annobar matsalar damuwa da fargaba ta ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma mata da matasa ne abin ya fi shafa.

Tun kafin korona ma yaran yankin ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekaru 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, yayin da a arewa maso yamma adadin ya haura rabi.

Ina aka kwana game da asibiti da riga-kafi?

A ƙarshen watan Maris na 2020 WHO ta ba da shawarar a dakatar da gangamin riga-kafi na ɗan lokaci, domin kada taron jama'a ya yaɗa cutar. A lokaci guda kuma iyaye da dama suka ƙaurace wa asibiti, saboda tsoron kada a ce mai zazzaɓi ko tari yana da korona a killace shi.

Jita-jitar da ta yaɗu game da allurar korona, wadda ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, ta farfaɗo da tsohon zargin da ya sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin arewa, ciki har da Zamfara, a 2003.

WHO da UNICEF sun ce yara miliyan 23 ne a duniya ba su samu muhimman alluran riga-kafi ba a 2020, adadin da ya ƙaru zuwa miliyan 25 a 2021. Nijeriya na sahun gaba, da yara fiye da miliyan 2 waɗanda ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba.

Illar irin wannan giɓi ba ta fitowa nan take. Yaran da aka tsallake suna taruwa ne shekara bayan shekara har su yi yawan da cuta za ta samu wurin yaɗuwa, kamar yadda aka gani da cutar mashaƙo wadda ta ɓarke daga ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, kuma akasarin waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala riga-kafi ba.

A 2021 kuma cutar amai da gudawa ta kama mutane sama da 100,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 3,500, kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Sai dai ba kome ne ya tsaya ba. A ranar 25 ga watan Agustan 2020, ana tsakiyar annobar, aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, bayan Nijeriya ta shafe shekaru 4 ba a ga mai ɗauke da ita ba.

Yaya batun jego da zumunci?

A ƙasar Hausa reno ba aikin uwa ita kaɗai ba ne. Mace mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, tsohuwa ce ke tsaya mata a wankan jego har a yi arba'in, kuma ranar suna ce dangi ke kawo hatsi da sabulu da tufafi da 'yan kuɗin da ke riƙe mai jego na wasu makonni.

Taƙaita taro da hana tafiye-tafiye sun taɓa wannan tsari, musamman ga matan da iyayensu ke wata jiha. Bugu da ƙari, tsofaffin da ke riƙe da ragamar reno su ne cutar ta fi yi wa barazana.

Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 10 da rabi a duniya sun rasa uwa ko uba ko wani mai kula da su sakamakon korona.

A ɗaya ɓangaren kuma, zaman gidan gandu ya kare yaran karkara daga wani abin da ya sami takwarorinsu na Turai. Shawarar a ba da tazara ba ta yi wani tasiri ba a gidan da kishiyoyi da faccaloli da jikoki ke girki a tsakar gida ɗaya, saboda haka jariri bai rasa fuskokin da zai kalla ko muryoyin da zai saurara ba.

Game da shayarwa, shawarar WHO ita ce uwa ta ci gaba da ba da nono ko da ta kamu da cutar, tana mai wanke hannu da rufe baki da hanci, domin amfanin nonon ya rinjayi haɗarin. Hukumar ta kuma ce ba a buƙatar sanya wa yara 'yan shekaru 5 zuwa ƙasa takunkumi.

Me rufe makarantu ya haifar?

Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce a lokacin da abin ya fi ƙamari ɗalibai kimanin biliyan 1 da miliyan 600 ne rufe makarantu ya shafa a duniya.

A Nijeriya ɗaliban ajin ƙarshe ne kawai aka bari suka koma a watan Agustan 2020 domin rubuta jarrabawa, sauran kuwa a jihohi da dama sai daga watan Oktoba aka fara buɗe musu. Wato ƙananan yara sun yi fiye da rabin shekara a gida.

Wasu jihohi kamar Kaduna da Kano sun riƙa gabatar da darussa ta rediyo da talabijin. Amma darasin rediyo ya fi amfanar yaron da ya riga ya iya haɗa baƙi, kuma yake da wani a gida da zai zauna da shi. Ɗan aji ɗaya ko aji biyu, wanda bai gama sanin haruffa ba, ɗan abin da ya koya ma zubewa yake yi.

Da yake hutun ya haɗa da damina, yara maza sun koma gona da kiwo, mata kuma suka koma talla da renon ƙannensu. Abin da ya faru a Saliyo lokacin annobar Ebola ta 2014 da 2015, inda aka rufe makarantu na kimanin watanni 9, ya nuna cewa 'yan mata ne suka fi fuskantar haɗarin rashin komawa aji bayan dogon hutu.

Akwai kuma batun almajirai. A watan Afrilun 2020 gwamnonin arewa suka amince a mayar da su jihohinsu na asali, aka kuma kwashe dubbai a motoci, inda daga baya gwaji ya nuna wasunsu na ɗauke da cutar. Ga iyayen da suka tura 'ya'yansu karatu, dawowar na nufin ƙarin bakuna a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ta yaya rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin?

'Yan watanni ƙalilan bayan komawa karatu, a ranar 26 ga watan Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. An sako su a farkon watan Maris, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana.

A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona da ke Bakura, sai kuma a ranar 1 ga watan Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun.

Daga nan ne gwamnatin Bello Matawalle ta rufe dukkan makarantun jihar, a daidai lokacin da aka dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan wayar tarho. A watan Mayun 2022 wani hari da aka kai Damri da wasu ƙauyuka biyu na kusa ya yi sanadin mutuwar mutane aƙalla 48.

Ma'ana, yaron da aka haifa a yankin a farkon 2020 ya cika kwanakinsa 1,000 na farko ne tsakanin dokar kulle ta annoba da dokar kulle ta tsaro. Masana sun ce tsoro mai tsawo, idan babu babban da zai kwantar wa yaro hankali, yana iya shafar barcinsa da cin abincinsa da yadda yake riƙe karatu.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi aikin jinyar yara masu tamowa a Talata Mafara da wasu garuruwan Zamfara, ta yi ta gargaɗi a 2022 da 2023 cewa matsalar ƙarancin abinci mai gina jiki a arewa maso yamma ta kai wani matsayi mai tayar da hankali.

Me bincike ya nuna a wasu ƙasashe?

Wani bincike da masana a Jami'ar Columbia ta birnin New York na Amurka suka wallafa a farkon 2022 ya gano cewa jariran da aka haifa lokacin annobar sun ɗan gaza waɗanda aka haifa kafinta wajen motsa gaɓoɓi da mu'amala da mutane, a lokacin da suke da watanni 6.

Abin lura a binciken shi ne, babu bambanci tsakanin jariran da iyayensu mata suka kamu da cutar suna da ciki da waɗanda ba su kamu ba. Masanan sun yi hasashen cewa damuwar da uwa ta shiga ce ta fi taka rawa.

A ƙasar Ireland ma an bi diddigin jariran da aka haifa a watannin farko na kulle, aka ga cewa da suka cika shekara 1, waɗanda suka iya furta kalma ɗaya mai ma'ana, ko nuni da yatsa, ko ɗaga hannu a yi bankwana, ba su kai na shekarun baya yawa ba.

Bambancin da aka gani a waɗannan ƙasashe kaɗan ne, kuma yanayinsu daban yake da na Zamfara. A can kaɗaici ne babbar matsala, a nan kuwa yunwa ce da cuta da tsoro. Amma darasin ɗaya ne, halin da mai reno ke ciki shi ne ke sauka a kan yaro.

Ana iya gyara abin da ya ɓaci?

A ranar 5 ga watan Mayun 2023 WHO ta sanar da cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Kafin nan, a watan Afrilu, hukumar da abokan hulɗarta sun ƙaddamar da wani shiri na cim ma yaran da aka tsallake a riga-kafi a ƙasashe 20, ciki har da Nijeriya.

Likitoci sun ce tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekaru 2 tana da wuyar warwarewa baki ɗaya. Amma magana da tunani da iya zama da mutane suna ci gaba da ginuwa har bayan wannan lokaci, muddin yaro ya samu mai kula da shi.

Shawarwarin da ma'aikatan lafiya ke bai wa iyaye ba masu tsada ba ne. Na farko, a nemo katin riga-kafin yaro a kai wa ma'aikacin asibiti ya duba, domin yaron da ya wuce lokacin wata allura ba lallai ne damarsa ta wuce ba.

Na biyu, a inganta kunun yara da abin da ake nomawa a gida, kamar gyaɗa da waken suya da wake da zogale, a kuma bai wa jariri nono zalla har ya cika watanni 6.

Na uku, a riƙa yi wa yaro magana da tatsuniya da kacici-kacici, a bar shi ya yi wasan ƙasa da 'yan'uwansa. Wannan aiki ne da uba da kaka da yayye duk za su iya sa hannu a ciki, ba uwa kaɗai ba.

Idan yaro ya cika shekaru 2 bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ana shawartar iyaye su kai shi asibiti a duba shi, musamman kunnuwansa, domin sanƙarau da ƙyanda kan bar yaro da raunin ji.

Ga hukumomi kuwa, masana ilimi na ba da shawarar malaman ƙananan azuzuwa su fara auna abin da kowane yaro ya sani, su koyar da shi daga inda ya tsaya, da harshen da yake ji a gida, maimakon bin manhaja kamar ba a yi asarar komai ba.

A yankin Damri, aiwatar da waɗannan shawarwari ya dogara ne ga abu guda da iyaye ba su da iko a kansa, wato hanyar zuwa gona da asibiti da makaranta ta kasance a buɗe, kuma a bi ta a dawo lafiya.